Sayen kan tirela a gwanjon ƙasar waje, da riba ko babu?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana ganin kawunan tirela a gwanjon Amurka da Turai da farashi ƙasa sosai da na dilolin Legas, kana so ka san ko ka zuba jarinka, kuma wannan ce za ta zama motarka ta farko.

In dai motar farko ce, kuma kuɗin da ke hannunka su ke nan ba wasu a baya, ban ba ka shawara ba. Gwanjo yana yi wa mutumin da ke da wanda zai je ya taɓa motar da hannunsa, yana kuma da rarar kuɗin gyara in ta iso da ciwo. Ana samun mota mai kyau a can, babu musu, amma farashin da kake gani a waya somin taɓi ne.

Da farko ka san wane gwanjo ne. Ritchie Bros. da IronPlanet, waɗanda kamfani ɗaya ne tun 2017, galibi motocin kamfanonin sufuri da na gine-gine suke sayarwa, kuma Ritchie na da babban fili a Moerdijk ta ƙasar Holan. Copart da IAA kuwa yawancin kayansu na kamfanonin inshora ne, wato motar da ta yi haɗari, ko ta ƙone, ko ambaliya ta shanye. Dukkansu ƙa'ida ɗaya ce: yadda ka gan ta haka ka saya, babu mayarwa. Idan sun rubuta cewa mota tana tashi tana tafiya, nufinsu ta motsa a cikin fili. Ba su ce za ta ja tan talatin daga Apapa zuwa Kano ba.

Saye da hoto kaɗai cinikin biri a sama ne. Ka biya makanikin manyan motoci na can ya je filin kafin ranar gwanjo, kuma ka gaya masa abin da kake so ya duba. Ya tarar da injin a sanyaye, shi zai fara tayar da shi, domin injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye wahalar tashi da hayaƙi. Yana cikin aiki ya buɗe murfin baƙin mai. Idan hayaƙi na bugowa da ƙarfi har yana ɗaga murfin, ringi da silinda sun gaji, aikin buɗe inji na jiranka. Ya leƙa tankin ruwan lagireto: kumfa na tasowa a kai a kai alamar gaskit ne ko tsagewar kan inji. Baƙin mai da ya koma kalar shayi da madara kuwa ruwa ya shiga. Sai iskar birki: hawan agogonta daga 85 zuwa 100 psi (ma'aunin ƙarfin iska) bai kamata ya wuce daƙiƙa 45 ba in an ɗan ba shi wuta, kuma idan aka kashe inji aka danne birki, kan mota shi kaɗai kada ya zubar da fiye da 3 psi a minti ɗaya.

Abin da ya fi duka muhimmanci shi ne ya jona kwamfuta da ƙwaƙwalwar motar ya karanto kilomita da awannin inji. Agogon gaban direba ana canza shi, na ƙwaƙwalwa ya fi wuyar taɓawa. Ka raba kilomita da awanni. A misali, kilomita 800,000 a awa 12,000 ya ba ka kusan 67, motar doguwar hanya ke nan, irin wadda ake so. Kilomita 800,000 ɗin a awa 25,000 kuwa 32 ne, ma'ana injin ya sha aiki a tsaye ko a cikin gari, ya tsufa fiye da abin da agogo ya nuna. Kada ka manta na Amurka da mil ake lissafi: mil 500,000 kilomita 800,000 ne. Idan kuma aka ga an goge duk tarihin matsalolin inji kwana biyu kafin gwanjo, akwai abin da ake rufewa.

Ya shiga ƙarƙashi da tocila. Ƙasashen sanyi suna watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, shi ke cin shasi. Tsatsar sama ba komai ba ce, amma wadda ke ɓarewa falle-falle tsakanin ƙarafa biyu, ko walda a kusa da farantin da ake ɗora bodi da wurin da sifirin ke kamawa, a bar motar ko nawa ce. Taya kuma lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta mako ne da shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Kai mai aksul biyu a baya taya goma gare shi, ka sa kuɗinsu a lissafi tun yanzu.

To ko motar lafiya lau take, sai ka tambayi kanka ko ta dace da nan. A nan ne mutane da yawa suke ƙonewa. Tun 2007 manyan motocin Amurka suke zuwa da matatar hayaƙi ta DPF, daga 2010 aka ƙara na'urar da ke shan ruwan yuriya, wanda Turawa ke kira AdBlue. A Turai ma Euro 6, wato matakin dokar hayaƙi wanda ya kankama daga 2014, haka yake. An ƙera su ne don dizel mai tsabta ƙwarai, salfa kashi 15 cikin miliyan a Amurka, 10 a Turai. Man da direba zai sha a bakin hanya, wani lokacin har da gaurayen kananzir, yana toshe matatar ya lalata nozul. Da na'urar ta ga matsala sai ta rage wa inji ƙarfi da kanta, na Amurka har ta mayar da shi gudun mil 5 a awa, na Euro 6 kilomita 20, ga lodi a baya. Shi ya sa har gobe masu motoci suke neman DAF XF95 da CF85, da MAN TGA, da tsohuwar Mack mai injin E7. Kanikawanmu sun san su, kayansu kuma akwai a Ladipo da Panteka da Ƙofar Ruwa. Kafin ka taya kowace mota, ɗauki sunan injinta ka zagaya kasuwa ka tambayi nozul, tobo, faifan kulochi da famfon ruwa. Idan mutum uku suka ce sai an yi oda, ka haƙura da ita.

Za ka riƙa ganin International ProStar ta 2010 zuwa 2012 mai injin MaxxForce da araha mai ban mamaki. Injin ya yi ƙaurin suna wajen matsalar EGR, wato tsarin mayar da hayaƙi cikin inji, har kamfanin Navistar da kansa ya sauya tsarin a 2012. Arahar ke nan.

Yawancin kawunan Turai aksul ɗaya gare su a baya, da balan-balan na iska maimakon sifirin, don titinsu sumul ne kuma ba a wuce awo. Ga siminti ko hatsi a hanyar Lokoja, mai aksul biyu masu ja da sifirin ƙarfe kake buƙata. Wutar batirin motar Amurka volt 12 ce, ta Turai 24, bakin tiyon iskarsu ma ya bambanta, sai an yi gyara kafin su haɗu da bodinka. Na Ingila sitiyarinsu a dama yake, kuma ba a yarda da shi a Najeriya ba, juya shi wani kuɗin ne da wani haɗarin.

Sai lissafi. A kan kuɗin da ka taya akwai la'adar masu gwanjo, kuma galibi cikin mako guda suke son cikon kuɗinsu, in ka makara da ɗauka kuɗin ajiya ya fara hawa kullum. Akwai kai ta tashar jirgi, Baltimore ko Antwerp. Jirgin da ake tuƙa mota a shiga da ita da girman mota yake caji, don haka doguwar motar Amurka mai hanci da ɗakin kwana ta fi ta Turai tsada nesa ba kusa ba, kuma wadda ba ta tashi ko ba ta da birki, ko dai a ƙi ta ko a ƙara kuɗi. Kwastan ɗin Amurka na son ganin ainihin takardar mallaka awa 72 kafin fita, saboda haka motar da aka ce rasit kawai gare ta kada ka kusance ta. A nan gida kuma ba arahar da ka samu kwastan za su duba ba, suna da nasu ƙiyasin. Ka ba ejan lambar shasi ya faɗa maka kuɗin fito a rubuce kafin ka taya, ka bar sarari don canjin dala na iya motsawa kafin jirgi ya iso.

Ka haɗa duk wannan, ka ɗora kuɗin taya da batir da sabis, ka ware aƙalla kuɗin buɗe inji guda a gefe. Sannan ka kwatanta da Beljiyam da ke tsaye a Legas, wadda makanikinka zai iya ɗaura mata bodi ya gwada, da kuma Howo 371 ta China da kayanta ke ko'ina. Idan ratar ba ta kai kuɗin inji ɗaya ba, sayi ta gida. Idan ta kai, rubuta iyakar abin da za ka taya a takarda tun kafin a buɗe gwanjon, in an wuce shi ka bar musu, wani gwanjon na tafe. Allah Ya sa albarka a neman.