Tambaya da Amsa: Me ya haɗa Arsenal da igwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ni ɗan Arsenal ne tun ina yaro amma wani abokina ɗan Tottenham kullum sai ya ce wai mu baƙi ne a arewacin Landan, kuma wai ta ƙofar baya muka shiga babban rukuni. Don Allah gaskiya ne? Sannan me ya sa akwai igwa a tambarin kulob ɗin?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa. To sai dai ka yi haƙuri, abokin nan naka bai yi ƙarya ba, ya dai ƙara gishiri.

Arsenal a Woolwich aka haife ta, can kudu maso gabashin Landan, a 1886, kuma waɗanda suka kafa ta leburori ne a masana'antar ƙera makamai ta gwamnatin Ingila mai suna Royal Arsenal, inda ake ƙera igwa da harsasai, to ka ji asalin igwar da kuma laƙabin Gunners, wato masu harba igwa. Wani ɗan Scotland, David Danskin, shi ya bi abokan aikinsa yana karɓar karo-karo, mutum 15 kowa ya ba da sisi, shi kuma ya cika da sule uku daga aljihunsa suka sayi ƙwallo. Ka dubi kuɗin da ake sayen ɗan wasa yau ka dubi wannan sisin! Dial Square suka fara kiran kansu, sunan wani sashe na masana'antar, wasansu na farko ranar 11 ga Disamba 1886 suka lallasa Eastern Wanderers 6-0. Jar rigar ma kyauta ce, tsofaffin 'yan wasan Nottingham Forest da ke cikinsu ne suka roƙo daga tsohon kulob ɗinsu aka aiko musu.

A 1891 suka fara biyan 'yan wasa, a 1893 suka shiga gasar Football League da sunan Woolwich Arsenal, su ne kulob na farko daga kudancin Ingila da ya shiga. Sai dai Woolwich lungu ce, zuwa can wahala, 'yan kallo ba sa cika fili, kuɗi ya ƙare ƙarƙaf har a 1910 kulob ɗin ya kusa rushewa. Nan ne Henry Norris, attajiri kuma shugaban Fulham, ya karɓe shi. A 1913 suka faɗo rukuni na biyu, a shekarar kuma ya kwashe su ya tsallaka kogin Thames ya dire su a Highbury da ke arewacin Landan, wajen mil huɗu daga gidan Tottenham. Kai ma in wani ya zo ya kafa rumfa a ƙofar shagonka yana sayar da irin kayanka ai ba za ka yi masa barka da zuwa ba.

Maganar ƙofar baya kuwa 1919 ce. Bayan yaƙin duniya na ɗaya aka faɗaɗa babban rukuni daga kulob 20 zuwa 22. Tottenham ta ƙare ta ƙarshe a kakar 1914-15 amma tana sa ran za a bar ta tunda an ƙara gurbi, ita kuwa Arsenal ta biyar ta zo a rukuni na biyu, ko kusa da haurowa ba ta yi ba, amma da aka kaɗa ƙuri'a kan wanda za a ba gurbi Arsenal ta samu 18 Tottenham 8. Har gobe 'yan Tottenham cewa suke Norris ya yi rabon na goro, sai dai ba a taɓa kawo hujja ba. Ni dai a ganina mutumin ya iya kamun ƙafa ne kawai, ko da yake daga baya hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila, FA, ta kore shi daga harkar ƙwallo kan wata badaƙalar kuɗi daban, abin da bai taimaki sunansa ba ko kaɗan.

In abokinka ya sake tsokanarka, ka tuna masa tun 1919 ɗin nan Arsenal ba ta sake faɗowa ba, Tottenham kuwa ta faɗo har a 1977.