Muryar likita ga Kawu a zauren 'yan gida

Assalamu alaikum. Kawu, barka da dare, yanzu na baro asibiti na saurari saƙonka. Ka ce me ke kai mu likitoci zaurukan lafiya na WhatsApp da Facebook muna ta amsa tambayoyi, ga gajiya, ba ko sisi.

To Kawu, wallahi kafin mara lafiya ya iso gabana, an riga an yi masa magani a gida, kuma yanzu sau da yawa a waya ake jin maganin. Ka ɗauki saran kububuwa, da ya addabe mu a nan kudancin Gombe lokacin noma da girbi. Na taɓa karɓar wani yaro, bai fi shekara 12 ba. An ɗaure ƙafar tam da robar keke, an tsattsaga wurin da reza, an shafa ƙulli, aka zauna kwana biyu. Ya zo dasashinsa na zubar da jini, tsagar ma ta ƙi tsayawa, don dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi. Alhali ga Kaltungo nan kusa, ga asibitin saran maciji, ga allurar karya dafi. Allah ya sa da sauran kwanansa, ya tashi. Amma da tun daren farko wani ya ce musu kar a ɗaure, kar a tsaga, a hana ƙafar motsi a kama hanya, ai da bai sha wannan wuyar ba. Tun daga nan, damina na faɗuwa nake yin murya a kan haka, in ce a tura wa na ƙauye.

Ka kuma tuna 2014, lokacin Ebola, da aka tashe mu da asuba a waya wai a yi wanka da ruwan gishiri, a sha. Har rayuka aka rasa. Dare ɗaya saƙon ya zaga ƙasar nan, ya riga mu isa kowane gida.

Sannan akwai kunya. Mace za ta yi wata shida da ƙullutu a nono ba ta faɗa wa kowa ba, amma a waya sai ta bi ni ta gefe ta rubuto. Ni kuma in lallashe ta har ta zo a duba.

Sai dai fa ba na rubuta magani a waya, sai na ga mutum da idona, na taɓa shi. Shi ya sa hoton kumburin ƙafar Gwaggo da ka turo ban ce komai ba. Don Allah gobe da safe a kawo ta, a haɗo da duk kwalayen magungunan da take sha, har na gargajiyar. Sai da safe, a gaida mutanen gida.