Mi zan kira matar ga a Wikipedia, masaniyar gaibu ko mai duba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah shi ƙara lafiya. Ni ɗalibi ne nan Gusau, ina cikin masu rubutu a Wikipedia ta Hausa. Ina fassara tarihin wata Ba'amurkiya Sylvia Browne wadda ta yi suna a talabijin wai tana ganin ɓoye tana magana da matattu. Turawa saikik sunka kira ta, ni kuma na rubuta "shahararriyar masaniyar gaibu ce". Abokina ya gani ya ce na yi ridda, sai dai in goge in sa "maƙaryaciya la'ananna", kuma dokar wurin ba ta yarda da zagi. Wallahi Malam kwana biyu ban yi barcin kirki ba.

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana ka rama barcinka tukun, ba ka fita Musulunci ba, mai ridda ba shi kwana biyu yana juyi bisa tabarma don tsoron kalma guda. Abokinka kuma ka ce mashi in ji ni ya rage saurin baki, kalmar kafirci in ba ta samu wanda anka jefa ba kan mai jifa take komawa.

Cewa babu masanin gaibu sai Allah da haramcin zuwa wurin boka, ko yaran islamiyya sun haddace, ba sai mun tsaya nan ba. Kuskurenka na fassara ne. Baturen da ya rubuta saikik sunan sana'a ya kira, kamar ya ce direba ko wanzami. Kai kuma da ka ce masaniyar gaibu ce shaida ka yi mata, don Bahaushe in ya ce masani to ya sani ɗin ne. Ko a dokar su Wikipedia ɗin jimlar ga ba ta tsayuwa tunda ba su yarda a rubuta da'awa kamar tabbataccen abu. Goge ta yau.

Sunan sana'ar muna da shi tun kakanni, duba. Rubuta "mai duba ce 'yar Amurka da ta yi suna a talabijin, tana da'awar sanin gaibu da magana da matattu". Da'awa sau guda a layin farko ta isa, ba sai ka cika maƙala da wai wai kamar hirar gulma ba. Kada ka sa malamar duba, wanga suna na malam da munka raba ma masu bugun ƙasa shi ya sa talaka ba ya bambance mai karantarwa da mai zana rairayi a faifai. Bokanya kuma bai fito da ita sosai ba, don wurinmu boka ya haɗa har da mai saiwa da sassaƙe.

In kana son hujja dubi lafazin hadisin Muslim ɗin da kowa ke jawowa, na cewa wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi ba a karɓar sallarshi kwana arba'in. Annabi (SAW) arraf ya kira mai duban, kalmar kuwa daga sani anka ciro ta, sigar kambamawa ma, mai yawan sani. Da sunan da mutane sunka san shi ya kira shi sannan ya faɗi hukunci, ba wanda ya taɓa cewa wannan gaskatawa ce.

To yanzu maganar abokinka, don ba shi kaɗai ba ne, na sha jin masu cewa ko dai kada musulmi ya rubuta irin mutanen ga sam, ko kuwa duk inda sunansu ya zo a manna tsinuwa, in ba haka ba an yarda da su. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Alƙur'ani ya kawo maganar Fir'auna da ya ce shi ne ubangiji maɗaukaki yadda ya faɗe ta, kuma muna karanta ta cikin salla. Shahrastani da ya rasu 548 bayan hijira ya rubuta littafi guda kan addinai da ƙungiyoyi, ya sharɗanta ma kanshi zai kawo ra'ayin kowa yadda ya same shi a littattafansu ba son rai, malamai ba su ce ya yi ridda ba, karantar littafin sunka yi ta yi. Sannan tsine ma mutum da sunanshi malamai da yawa sun hana sai wanda nassi ya tabbatar ya mutu kan kafirci, a tsine ma aikin ya wadatar. Kuma a aikace mi zai faru? Ka sa la'ananna da safe, kafin azahar wani edita ya cire, ka maida ya cire, a rufe maka akawun, maƙalar ta koma hannun wanda bai damu da halas da haram ba. Ina ribar?

Abin da ke kashe kasuwar mai duba tarihinshi ne in an rubuta shi cikakke. Matar ga a 2004 cikin shirin talabijin na Montel Williams ta dubi uwar Amanda Berry, yarinyar da ta ɓace a Cleveland tun 2003, ta ce mata 'yarki ba ta da rai. Uwar ta rasu a 2006. A watan Mayun 2013 sai ga yarinya ta tsere da ranta daga gidan da anka tsare ta shekara goma. Haka ta gaya ma iyayen wani yaro Shawn Hornbeck ya mutu, anka gano shi da rai a 2007. Sa waɗannan da madogararsu, mai karatu ba jahili ba ne. Kalmar 'yar damfara kuma kada ka sa ta a matsayin suna, faɗi abin da kotu ta yi kawai, a 1992 an kama ta da laifi kan sayar da hannun jarin wata haƙar zinari, mu 'yan Zamfara ba a ba mu labarin zinari da yaudara. Amma fa ka rubuta cewa shari'ar ta kuɗi ce ba ta duba ba, adalci bai faɗuwa don mutum ba musulmi ba ne.

Labarin uwar can ya tsaya mani a rai don na ga irinshi da idona. Wata dattijuwa 'yan bindiga sunka ɗauke ɗanta, ta saida akuyarta ta kai ma wani mai duba, ya shafe rairayi ya ɗiɗɗiga ya ce a yi sadakar uku. Har gumba an daka an raba. Bayan wata biyu yaro ya shigo gida da ƙafarshi, ramamme, ita kuwa hawan jini ya riga ya kama ta.

Sai jan kunne gare ka kai kanka. Kallon bidiyonta don tantance abin da ta faɗa ya halatta gwargwadon buƙata, Annabi (SAW) ya jarraba Ibn Sayyad, wani mai da'awar sanin ɓoye a Madina, don ya tona shi, amma in ka ji ka fara cewa kai wannan fa ta cinka daidai, ko ka kai ƙarfe biyun dare kana bin su ɗaya bayan ɗaya data na ƙarewa, rufe wayar. Kada kuma ka sa adireshin da ake biyan kuɗi a yi ma mutum duba ko lambar wayar irin su, wannan talla ce kuma haramun ne. In ka gyara layin farkon turo mani in gani. Wallahu a'alam.