Na jira kwanakin da aka ce, sai an kuma auna kayan lambuna?

Tambaya: Ina noman tumatir da kokwamba a rumfar leda. Mai saye ya ce sai na kawo takardar gwaji mai nuna ragowar maganin ƙwari bai wuce kima ba. Ni kuwa na daina feshi tun kwana bakwai kafin tsinka, kamar yadda aka rubuta a jikin kwalba. Hakan bai isa ba? In sai an auna, yaya ake yi?

Amsa: Malam, jiran da ka yi shi ne tushe, amma mai sayen nan bai yi maka rashin adalci ba. A fili, ruwan sama na wanke magani, hasken rana na karya shi, iska na kwashe wani. A cikin rumfa ba ruwan sama, ledar kuma tana tare wani sashe na hasken, don haka wasu magunguna kan fi daɗewa a jikin ɗanyen kaya. Sai ka duba ko kwanakin da ka bi na noman rumfa ne ko na fili, don wasu kwalabe sukan raba su.

Abin da ake nema ba wai a rasa magani kwata-kwata ba ne. Kowane magani da kowane amfanin gona suna da iyakarsu, a miligiram cikin kilo. Hukumar Codex Alimentarius, wadda hukumomin abinci (FAO) da lafiya (WHO) na Majalisar Ɗinkin Duniya suka kafa a 1963, ita ke fitar da na duniya. Tarayyar Turai kuwa, inda ba ta ware iyaka ba, tana ɗaukar miligiram 0.01 a kilo, wato giram ɗaya cikin tan 100.

Inda manoma suka fi ɓata aiki shi ne wurin ɗibar samfuri. Kada ka tsaya bakin ƙofa ka tsinki masu kyau. Ratsa rumfar, ka ɗauka daga farkon layi da tsakiya da ƙarshe, sama da ƙasa, har da lungun da mai feshi kan juya ya maimaita. Tumatir a samu kilo 1, aƙalla guda 10. Manyan kokwamba kilo 2, aƙalla guda 5. Kada ka wanke, kada ka goge. Zuba a sabuwar leda, ka rubuta ranar feshi da sunan magani, ka kai da sanyinsa.

A ɗakin gwaji za su markaɗe shi, su jiƙa da sinadarin asetonaitiril da gishirai, su tace. Hanyar da ake kira QuEChERS ke nan, tun 2003 ake amfani da ita. Sannan na'ura ta rarrabe sinadaran ta auna ɗaruruwa a zama guda. Amma ka faɗa musu duk abin da ka fesa, don irin su mankozeb gwajinsu daban ne. Ka kuma tambaya ko suna da shaidar ISO 17025, wato takardar da ke tabbatar da ƙwarewar ɗakin gwaji.

'Yan takardun gwajin nan masu canza launi nan take kuwa, ni ban ba ka shawarar ka dogara da su ba. Magungunan ƙwari dangin oganofosfet da kabamet kawai suke gani.

In sakamako ya haura iyaka, ɗaga tsinka ka sake aunawa. Kokwamba kan sauko da wuri, don tana ƙara girma kullum, maganin na raguwa a kowane kilo. Tumatirin da ya gama girma sai dai a jira maganin ya karye da kansa.