Kulle, takunkumi da sauran kalmomin da korona ta tono

Tun daren 16 ga Afrilun 2020 da aka rufe Kano saboda cutar korona, tambayoyin da ke shigo mini sun ninka, alamar cewa jama'a sun samu lokaci. Ga azumi ya riske mu a ɗaka, ga Shugaban Ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya ƙara mana mako biyu ranar 27 ga watan. Na tsinto waɗanda suka shafi wannan zama, sauran sai wani jiƙon.

Wata uwargida daga Gwammaja ta ce: "Malam, maigidana ya hana ni cewa yana cikin kulle, wai kulle na mata ne. To me zan kira zaman da yake yi?"

Hajiya, ki gaishe shi da kyau, ki ce masa Malam ya ce kulle yake ciki, babu wani suna. Kalmar daga kulle ƙofa ta fito, daga nan ne ma aka samu makulli, kuma ƙofa ba ta tambayar wanda ke bayanta namiji ne ko mace. Masu rubutu ba ƙugiya su kiyaye: kulle daban, ƙulle daban. Ana kulle ɗaki, ana ƙulle kuɗi a bakin zane. Na ga wani ya rubuta "dokar ƙulle", sai ka ce gwamnati ta ɗaure mu a haɓar zani.

Abin da ya sa maigida ya ji zafi shi ne kusan duk sunayen da Hausa ke da su na zama a ɗaka, mata ne ke ɗauke da su. Auren kulle, nasu. Takaba, wata huɗu da kwana goma, tasu. Jego, kwana arba'in ana wankan ruwan zafi ana shan kunun kanwa, nasu. Amarya a lalle, haka. Namiji sai dai halwa ko i'tikafin goman ƙarshe, su ma da ƙafarsa yake shiga, ba wanda ya tilasta shi. Saboda haka in ana neman gwanayen wannan zama, suna tsakar gida. Kuma ku lura, matar kulle ba ta taɓa zama ba. Daga surfe sai daka, daga tankaɗe sai shara, ga wanki, ga jan guga, ga ɗinkin hula ko tuyar ƙuli-ƙuli. Shi kuwa gogan da ya saba Kantin Kwari da majalisar ƙofar gida, tun hantsi yake miƙewa a tabarma da rediyo a kunne har la'asar, sannan ya tashi yana cewa bayansa ya riƙe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum na bukatar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, yara kuwa awa guda kullum. In an raba, bai fi minti ashirin da 'yan kai a rana ba. Ki miƙa masa tsintsiya bayan asuba kafin rana ta take, ko guga bayan an sha ruwa, ya cika tulunan gidan. Ba sai an sayi keken gudu ba.

Wani daga Maraɗi: "Annoba Hausa ce?"

Ta zama Hausa, amma Larabci ne asalinta, alwaba'u. A wasu wurare aloba za ka ji.

Wani matashi daga Zariya: "Ba Bahaushe ne ya ce zama wuri ɗaya tsautsayi ba? Ni da wannan nake kafa hujja in fita."

Ɗana, ƙarasa maganar mana. Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi. Kifi ne ya faɗa, kuma yana da dalili, domin in ya tsaya masunci zai sa masa koma. Duk karin maganar da ke da "in ji" a wutsiya, sai ka duba bakin da ta fito kafin ka ɗauka. Ban sa a ka ba, in ji ɓarawon tagiya. Ba za ka je gaban alƙali da ita ba. Kai abin da ke farautarka ba ya zuwa inda kake, kai ne ke zuwa inda yake, a kasuwa, a motar haya, a wurin kallon ƙwallo, sannan ka kwaso ka kawo wa tsohuwarka. Hadisin da ya hana shiga garin da annoba ta ɓulla, ya kuma hana wanda ke ciki fita, ka san shi tun kana Islamiyya.

Mutum uku sun tambayi abu ɗaya: "Daidai ne a kira abin rufe baki da hanci takunkumi?"

A nan kam sai an yi haƙuri da ni. Takunkumi na dabba ne. Shi ne abin da ake saƙawa a ɗaura wa jaki ko raƙumi ko saniya a baki don kada su yi ɓarna in an ratsa gona da su. 'Yan jarida suka are shi tuntuni ga ƙasar da aka ƙaƙaba wa hukunci, aka ce an sa wa Iraƙi takunkumi, an sa wa Iran takunkumi, kuma aron ya yi kyau, domin ma'anar hana ci tana nan daram. Amma da korona ta zo, an wayi gari ana ce wa dattijo mai furfura ya sa takunkumi kafin ya fita. Sannan a koma ana mamakin yadda mutane ke cusa shi a aljihu. Bahaushe yana jin kalma da kunnen zuciya. Ka ce masa ya sa abin jaki, ko bai yi magana ba, ya ji.

Alhali muna da amawali. Wannan ɓangaren rawani da sarakuna da manyan malamai ke jawowa ya rufe baki, abin girma ne, ba a ganinsa ga kowa. Buzaye ma, namijinsu da ya isa ba ya yawo da baki a buɗe. Da tun farko an ce amawalin lafiya, da har gasar sa shi za a yi. Na san na makara, kalma in ta shiga rediyo ta fi ƙarfin malami. Ku kira shi yadda kuka ga dama, amma ya rufe hancin, kada a rataye shi a haɓa kamar gemu, kuma in na yadi ne a wanke shi da sabulu kullum.

"Mene ne bambancin killacewa da keɓewa?"

Killacewa daga kewaye wuri da shinge ko zana take. A lokacin korona ana killace wanda ya yi cuɗanya da mai cutar har kwana 14 a ga abin da hali zai yi, ana keɓe wanda aka tabbatar yana da ita. Gidajen rediyo suna cakuɗa su, ni ma na gaji da gyara.

Wata ɗalibar jami'a: "Kullum ina jin ana cewa a kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a lokacin kulle. Da na faɗa wa mahaifiyata sai ta ce ita ba mahaukaciya ba ce."

'Yata, mahaifiyarki ta fi masu fassarar jin Hausa. Ƙwaƙwalwa a wurin Bahaushe nama ce da ke cikin ƙoƙon kai, ko kuma kaifin haddar yaro. In ka ce ta samu matsala, mahaukaci tuburan mai yawo a bola kawai yake hangowa. Abin da likitoci ke nufi kuwa, Hausa ta daɗe da rarraba shi gida-gida. Hankali yana kwanciya, yana tashi. Rai yana ɓaci, yana ƙunci. Ciki yana yin fari, yana yin baƙi. Gaba tana faɗuwa. Zullumi tsoron abin da bai riga ya zo ba ne, irin na wanda ya yi tari sau ɗaya ya kasa barci. Fargaba ta fi shi saurin bugu. Kewa ta wanda ka saba da shi ce ba ya nan, kaɗaici kuwa rashin kowa ne, kuma mutum na iya yin sa a gidan da ke da mutum ashirin. Gundura ta wanda ya ƙoshi ce. Magidancin da ke cin abincinsa daga abin da ya samo a yinin, kuma aka rufe masa kasuwa, nasa tashin hankali ne, kada a raina masa da kiran sa gundura.

Da kin ce mata, "Umma, yaya hankalinki, yana kwance?" da kin ji labari. Ki rage mata sauraron jerin sunayen mamata da ake ta turawa a WhatsApp dare da rana, a ji labarai sau ɗaya ko biyu a yini ya wadatar. Amma in mutum ya daina barci, ya daina cin abinci ko da an sha ruwa, ya daina magana har kwanaki suka ja, wannan ya wuce "yi haƙuri", sai an haɗa da likita.

Wani magidanci daga Sakkwato: "Zo mu zauna, zo mu saɓa. Tun da aka fara zaman nan kullum sai mun yi da iyali."

Haka take, Alhaji. Harshe da haƙori ma suna saɓawa, ga su kuwa cikin kulle ɗaya tun ran gini. In ka ji abin ya taso, koma zaure ka sha iska. Don haka kakanninmu suka gina shi.

"An ce zumunci a ƙafa yake. To yanzu fa?"

Lokacin da aka yi maganar, ƙafa ce kaɗai ke kai mutum. Kira gwaggonka a waya, ka bar ta ta gama gaisuwarta har ta tambayi awaki. In da hali, ka tura mata na cefane.

Wata malamar firamare daga Katsina: "Yara sun dame ni, an kuwa ce ba a tatsuniya da rana."

Camfi ne da aka kafa don kada yara su bar aike da kiwo su zauna sauraron Gizo da Ƙoƙi. A zaman kulle kuwa ba aike, ba makaranta. Malama, ki ce ga ta nan ga ta nanku ko da azahar ce, in sun gaji da zama ki zana musu 'yar gala-gala a tsakar gida.