Zan bar aiki in koma Tudun Hatsi, me zan rubuta wa manaja?

Wani ɗan'uwa daga Gombe ya aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum. Shekara shida ke nan ina kula da sito a wani kamfanin sayar da kayan masarufi. Na tara ɗan jari, kuma yayana ya ba ni gefen shagonsa a kasuwar Tudun Hatsi da ke nan Gombe, ina so in shiga harkar masara da wake tun kaka ba ta wuce ba. Abokaina sun ce in karɓi albashin wannan wata in daina zuwa kawai. Ni kuma raina yana so in rubuta takarda in zayyane wa manaja duk abin da ya yi mini, don ya daɗe yana ci mini fuska a gaban yara. Wanne ya fi?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sanya albarka a abin da za ka shiga. Duka biyun ban yarda da su ba, kuma shawarar abokanka ta fi ba ni tsoro.

Kai mai kula da sito ne, makulli yana hannunka, littafin shigar kaya da fitarsu da rubutunka aka cika shi. Ranar da ka daina zuwa ba sallama, duk katan ɗin madarar da ya ɓace, duk jarkar man da lissafi bai nuna inda ta shiga ba, kanka za a ɗora, ko da bayan tafiyarka abin ya faru. Ba ka nan balle ka kare kanka. Ka tuna kuma lokacin da aka ɗauke ka wani ya sa hannu ya tsaya maka, watakila kawunka ne ko wani dattijon unguwa. Shi za a fara nema. Mutumin da zai shiga kasuwar hatsi, inda ake ba da buhu hamsin bashi a kan sunan mutum kawai, bai kamata ya fara da labarin cewa ya gudu da makullin sito ba. Gombe ba ta da girman da irin wannan labari zai ɓoye.

Kafin ka rubuta komai, ciro takardar ɗaukarka aiki ka karanta. Yawanci akwai layin da ya faɗi tsawon notis, wato sanarwar rabuwa da aiki, da kowane ɓangare zai bayar. In babu, Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, sashe na 11, ta tsara shi: kwana 1 ga wanda bai wuce wata 3 yana aiki ba, mako 1 ga wanda ya haura wata 3 amma bai kai shekara 2 ba, mako 2 daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, sannan wata 1 ga wanda ya kai shekara 5 ko fiye. Kai da ka yi shida, wata guda ne a kanka. Dokar ta ce notis ɗin da ya kai mako ɗaya dole ya kasance a rubuce, kuma ranar da ka miƙa takardar ba ta shiga lissafi. Dokar ta fi shafar masu aikin ƙarfi da na akawu. Manyan ma'aikata kan bi abin da ke cikin yarjejeniyarsu, wani lokaci har wata uku. In kana gaggawa, ana iya biyan kuɗi a madadin notis, wato ka bar musu albashin wata guda ka tafi. Ni ban ga dalilin da mai tara jari zai zubar da albashin wata ba. Ka lissafa ranar da kake son fara saye, ka ja baya da wata ɗaya, ka miƙa takarda a ranar.

Ita takardar kanta gajera ce, ba ta cika rabin shafi ba. Da harshen da ofishinku ke aiki da shi za ka rubuta, in Turanci ne to Turanci, amma abin da ke ciki bai wuce wannan ba:

"Zuwa ga Manaja. Ranka ya daɗe, ina sanar da kai cewa zan ajiye aikina na mai kula da sito. Wannan takarda ita ce notis ɗina na wata guda kamar yadda ƙa'idar aikina ta tanada, kuma ranar ƙarshe da zan yi aiki ita ce 30 ga Nuwamba. A cikin wannan lokaci a shirye nake in ƙirga kaya tare da wanda za a naɗa, in miƙa masa littattafai da makullai. Ina godiya da damar da aka ba ni da abin da na koya a shekarun nan. Ina roƙon a ba ni amsar karɓar wannan takarda a rubuce."

Sai kwanan wata a sama, cikakken sunanka da lambar ma'aikaci in kana da ita, da sa hannu a ƙasa. Ranar da na sa misali ce, ka sa taka. Ba dole ba ne ka faɗi dalilin tafiya ko inda za ka.

Yanzu ga maganar manaja. Na san cin fuska a gaban waɗanda ke ƙarƙashinka yana da ciwo, kuma ba na cewa ka yi kamar bai faru ba. Amma magana zarar bunu ce, balle wadda aka rubuta aka sa a fayil. Manajan zai iya barin wurin badi, takardarka kuwa tana nan, duk wanda ya buɗe fayil ɗin fushinka zai fara gani, ba shekara shida na riƙon amana ba. Kuma duk zargin da ka rubuta ba tare da hujja a hannu ba zai iya juyowa kanka. In akwai haƙƙinka na kuɗi da aka riƙe, kamar albashin baya ko kuɗin hutu, rubuta shi a wata takarda dabam, wata-wata da adadinsa, ba zagi ba habaici. Irin wannan takarda ce ke amfani in abu ya kai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Shi kuwa ɓacin rai, in ka ga sai ka faɗa, ka nemi mai kamfanin ku zauna ku biyu bayan ka gama miƙa aiki.

Kada manaja ya fara jin labarin a bakin direbobi. Same shi da safe kafin motoci su fara lodi, ka gaya masa da bakinka, sannan ka miƙa takardar. Ka buga kwafi biyu. A sa hannu a buga hatimi da kwanan wata a kan naka, ka ɗauki hotonsa da waya, ka kai shi gida. In ya ƙi karɓa, kada ka yi gardama. Aika ta imel ɗin kamfani ko ta masu kai saƙo da ke ba da rasit. Ma'aikaci yana da 'yancin ajiye aiki, abin da kake buƙata shi ne shaidar cewa takardar ta isa.

Wannan kwafi mai hatimi da amsar da za su ba ka suna da alaƙa da kuɗinka kai tsaye. Idan kamfanin yana cire maka fansho, Dokar Fansho ta 2014 ta ce kashi 8 cikin 100 daga albashinka ne, kashi 10 daga kamfani, kuma asusun naka ne ko ka bar aikin. Je ofishin kamfanin da ke kula da fanshonka ka karɓi bayanin asusu tun kana cikin notis, don wasu ma'aikatu kan cire kuɗin amma su yi jinkirin zubawa, kuma ya fi sauƙi ka bi sawu kana ciki. Dokar ta ba wanda bai kai shekara 50 ba damar cire kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusunsa in ya yi wata 4 bai samu wani aiki ba, kuma cikin takardun da za a nema akwai shaidar barin aikinka daga kamfani. Wanda ya sulale ba sallama sai ya koma yana roƙon takarda a wurin mutanen da ya bari da ɓacin rai. Ko da yake ni ba na ba ka shawarar ka zuba wannan kuɗi a hatsi a shekarar farko. Farashi kan faɗi bayan mutum ya cika sito, kuma sabon shiga ne ya fi jin jiki.

Haka bashi. In ka ci bashin albashi, ko akwai na ƙungiyar ma'aikata, ko ka ɗauki adashi saura zubi, zauna da akawu ku fitar da lissafi a rubuce kafin ranar ƙarshe. Gara ka san abin da za a cire daga albashinka na ƙarshe tun yanzu, kada ka gina lissafin buhunan da za ka saya a kan kuɗin da ba zai zo ba.

Ranar miƙa aiki kada ka yarda da "ai mun yarda da kai, ajiye makullin kawai". A shiga sito da kai da magajinka da mutum na uku daga ofis, a ƙirga katan-katan, a buɗe waɗanda ke ƙasan jeri, a ware wanda ya lalace ko wa'adinsa ya wuce a rubuta shi dabam. Adadin da aka samu a gwada shi da na littafi, ku ukun ku sa hannu a kowane shafi, ka riƙe kwafi. Makulli, katin shaida, wayar ofis, duk a rubuta cewa an karɓa. Daga nan ka nemi takardar shaidar cewa ka yi aiki daga shekara kaza zuwa kaza kuma ba a bin ka komai. Ka kai wa wanda ya tsaya maka kwafi ɗaya har gida, ka yi masa godiya, ya san an sauke masa nauyi.

Mai yiwuwa su ce za su ƙara maka albashi ka zauna. Ka yanke shawara a kan wannan tun kafin ka shiga ofishin, kai da yayanka, don kada a gaban tebur ka fara inda-inda. In ka tsaya a kan tafiya, ka ce ka gode, ka kuma tambayi mai kamfanin ko suna sayen wake da masara na sari, da wanda ke kawo musu a yanzu.