Mai Ba Ki Shawara a Intanet, Ta Ina Kuɗinsa Ke Shigowa?

Wata baiwar Allah daga unguwar Mabera a Sakkwato ta aiko da tambaya. Tana sayar da humra da turaren wuta da man shafawa a cikin gida, tana tallata su ta WhatsApp, sai ta ci karo da wani a TikTok yana cewa in ta biya naira dubu 30 ta shiga tsarinsa, ta kuma kawo mata uku, jarinta zai ninka cikin wata biyu. Tana son sanin yadda za ta gane shawarar da ta cancanci a bi.

Hajiya, Allah ya sa albarka a nema. Kafin ki saurari abin da mutum ke faɗi, ki fara bincika ta ina kuɗinsa ke shigowa. In daga hajar da yake sayar wa masu amfani da ita ne, to yana iya koya miki wani abu. In kuwa daga kuɗin rajistarki ne da na matan da za ki kawo, to ke ce hajar tasa, kuma ribar da yake nuna miki kuɗin waɗanda suka shigo daga baya ne ake biyan na farko da su. Haka MMM, wata kafar zuba kuɗi ta intanet, ta tafi har ta rufe asusun mutane a watan Disambar 2016, haka kuma wata irinta mai suna CBEX ta durƙushe da dukiyar jama'a a watan Afrilun 2025. Hoton shigar kuɗi banki da hoton mota ba hujja ba ne, domin haɗa su ba ya da wuya.

Za su iya nuna miki takardar CAC, wato hukumar yi wa kamfanoni rajista. Ita shaida ce cewa an yi wa suna rajista, amma ba izini ba ce na karɓar kuɗin mutane a juya da alkawarin riba. Wannan izinin yana hannun hukumar SEC mai sa ido kan harkokin zuba jari, kuma tana da shafin da ake duba sunayen waɗanda ta amince da su. In kayan shafawa ko na sha za su ba ki, ki nemi lambar NAFDAC a jikinsu.

Akwai kuma shawarar da mai ita gaskiya yake faɗi, sai dai ba don Sakkwato ya tsara ta ba. Wanda ke Legas bai sa kuɗin motar da za ta kawo miki kaya ba, bai san cewa daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 har man shafawa ya narke a ɗaki ba, bai lissafa ɗan kabu-kabun da zai kai saƙo Arkilla ba, balle maƙwabciyar da za ta ɗauki turare sai ƙarshen wata. Wannan bashin na gida shi ya fi cinye jarin mata, kuma da wuya ki ji masu bidiyo sun taɓo shi. Don haka duk dabarar da ta burge ki, ki rubuta ta a littafin cinikinki da farashin nan garin, ki gwada ta da ɗan abin da in ya salwanta tukunya ba za ta tsaya ba, sannan ki ji ta bakin dilan da kike saro kaya wurinsa a Babbar Kasuwa.

Game da wannan mutumin kuwa, ina roƙonki kada ki biya. Matan ukun da za ki kawo 'yan'uwanki ne da ƙawayenki, sun yarda ne saboda ke, kuma ranar da lambarsa ta daina shiga, ƙofar gidanki za su zo. Dubu 30 ɗin nan ki ƙara humrar da kin riga kin san masu sayenta.